Neman kalmar Hausa: me za mu kira macramé?

Binta: Salam jama'a. Dan Allah a taimaka, gobe da safe zan miƙa fassarar wani darasin sana'ar hannu kuma kalma ɗaya ta tsaya min a wuya, macramé, wannan da ake ƙulla igiya da yatsu a yi abin ado na bango ko na rataye tukunyar fure.

Malam Sani: Ki sa makarame kawai ki huta.

Hajiya Rabi: Makarame kuma? Wlh sai na ji kamar makara ake magana. Ƙanwata, ki sa saƙar ƙulli.

Dr Aminu: Ba saƙa ba ce Hajiya. Saƙa da kwarashi ko allura ko masaƙa ake yi, wannan ko yatsu ne kawai. Ni na daɗe da ƙirƙirar ƙullado, ƙulli da ado.

Malam Sani: Dakta ai bara ma haka ka kawo mana wata, wa ya ɗauka? Kuma kalmar ma ba ta Turawa ba ce, ana danganta ta da Larabci, miƙrama, wasu su ce Turkanci, masaƙan Larabawa ne tun ƙarni na 13 suke ƙulla zaren da ya rage a bakin mayafi ya zama geza, sana'ar ta bi ta Andalus, wato Sifen, ta shiga Italiya. Littafi da alƙalami ma ai aro ne.

Dr Aminu: Aron da ya biyo ta Faransa ya dawo mana? Wannan raina harshe ne ya sa ba ma ci gaba.

Hajiya Rabi: Ku da ba ku taɓa riƙe igiyar ba. Igiya huɗu ake kamawa, biyu na tsakiya suna zaune, na gefe biyu su ke aiki, ka fara ta hagu sannan ta dama ƙullin ya kwanta daidai, in ka yi ta gefe ɗaya kawai sai ya murɗe kamar tufka. Ba wanda zai ce ƙullado yana wannan.

Binta: To igiyar fa Hajiya, akwai iri biyu a darasin, ta auduga mai kaurin milimita 4.

Hajiya Rabi: Mai tufka uku da mai kitso. Mai tufka ita ke warwarewa ki taje ta yi geza, mai kitso ba ta tajuwa. Na rataye tukunya kuma ragaya ce, kar wani ya ƙirƙiro mana.

Binta: Na sa adon ƙulli, lokaci ya ƙure. Na gode.

Dr Aminu: Ya yi tsawo, amma shi kenan. Ƙullado tana nan.