Momentum da Hausa: ni dai na tsaya a kan "nauyin tafiya"

Malaman kimiyya, 'yan uwa, ku matso mu yi shawara. Jiya ina cikin darasin motsi wata ɗaliba ta ɗaga hannu ta ce, "Malam, momentum ɗin nan mene ne sunansa da Hausa?" Na ce mata ƙarfi. Tun kafin in rufe baki na san ban yi mata adalci ba, domin makon jiya ƙarfi na kira abin da ke tura abu ko ya ja shi, kuma da ƙarfin dai na fassara kuzarin da abu mai motsi ke ɗauke da shi. Abu uku, suna ɗaya. Ta ina yaro zai raba su?

Ga abin da ya hana ni barci. Ɗauki tirela mai tan 30 tana rarrafe a kan kilomita 10 a awa, ga kuma ƙaramar mota mai tan 1 tana sheƙa kilomita 100. Momentum nauyi ne sau gudu, to tirela tana da 300, mota 100. Tirela ta ninka ta uku. Amma kuzarin motsi rabin nauyi ne sau gudu sau gudu: tirela 1,500, mota 5,000. Nan kuma mota ce ta yi mata fintinkau. In duka biyun ƙarfi ne, wace ce ta fi ƙarfi? Kun ga kalmar ta kasa.

Na auna kalmar karsashi, na ga na zuciya ne. Hanzari kuwa ya manta da nauyi gaba ɗaya.

Masanin kimiyya Isaac Newton, a littafinsa na 1687, "yawan motsi" ya kira shi da Latin, kuma Larabawa ma suna cewa kammiyyatul haraka, ma'anar ɗaya ce. Ba laifi. Sai dai a kunnen Bahaushe, mai yawan motsi yaro ne da ba ya zama wuri guda.

Shi ya sa na ce nauyin tafiya. Da farko nauyin gudu ya zo mini, sai na tuna mai kurar ruwa a gangare: ba gudu yake ba, amma dubi yadda yake cije leɓe, ya kafa dunduniya a ƙasa, jarkoki na rinjayarsa. Kuma tafiya tana da inda ta dosa, wanda shi ne rabin maganar. Raguna biyu masu girma ɗaya su ja da baya, su taho da gudu ɗaya, su gwabza. Cak suke tsayawa, saboda na wannan ya dosa gabas, na wancan yamma, jimilla sifili tun kafin karon. Kuzarin kuwa bai soke juna ba, shi ne ƙarar da ka ji da zafin da ya shiga ƙaho.

Na san wani zai ce nauyi yana canzawa, a duniyar wata ma kusan kashi ɗaya cikin shida ne na nan, alhali lissafin yawan jikin abu yake nufi. Gaskiya ne, kuma wannan kalmar ma tana jiran mu. Amma gwada dokar a bakinka: in abu biyu suka yi karo, jimillar nauyin tafiyarsu ba ta ƙaruwa, ba ta raguwa. Ranar Litinin haka zan rubuta wa ɗalibar nan a allo, sai in wani malami ya kawo wadda ta fi ta zama a baki kafin nan.