Yaya ake gane manufar marubuci daga lafazinsa?

Ɗaliba: Malamai, don Allah ta yaya zan gane ko marubuci yabo yake yi ko gatse, tunda ba muryarsa nake ji ba?

Malamin Adabi: 'Yata, fara da aikatau, wato kalmomin da ke nuna aiki. "Ya rasu", "ya mutu" da "ya sheƙa barzahu" duk labari ɗaya ne, amma na farko girmamawa, na biyu ba ruwansa, na uku kuwa wulaƙanci. Ja layi ƙarƙashin irin waɗannan a sakin layi biyu ko uku, ki ga inda suka karkata. Kalma ɗaya ba ta isa hujja ba.

Edita: Ƙari kan bayanin Malam, ki lura da "wai". Idan aka rubuta "wai an gyara hanyar", marubucin ya tsame hannunsa ke nan. Gatse kuma yakan tonu ne idan yabon ya fi ƙarfin aikin: a kira mutum gwarzo don ya zo ofis ƙarfe 11.

Mai Nazari: Inda ɗalibai suka fi zamewa shi ne ɗaukar maganar tauraron labari a matsayin ra'ayin marubuci. Duba yadda mai ba da labarin ya siffanta shi kafin ya buɗe baki.