Mai kuɗi ya ce kaza, mai sana'a ya ce kaza: wa za a bi? Tambayata kan Elon Musk

Mai Sola, Gusau

Assalamu alaikum 'yan uwa. Sana'ata haɗa sola da inbata, bana shekarata tara a cikinta. Shekaranjiya da dare muka yi musu da ƙanena a teburin mai shayi har shayinmu ya huce, shi ya sa na kawo maganar nan.

Yaron yana karatun kwamfuta, kuma a wurinsa Elon Musk, attajirin nan mai kamfanonin Tesla da SpaceX, injiniya ne da ba a taɓa yin irinsa ba, duk abin da ya faɗa an gama magana. Hujjarsa Starlink, intanet ɗin Musk mai zuwa ta tauraron ɗan'adam. Ya tuna min watan Satumba na 2021 da aka katse layukan waya a Zamfara, muna hawa mota zuwa wata jihar don kawai mu kira waya. Ya ce ga mutum ya kawo intanet daga sama, kuma Najeriya ce ta fara samu a Afirka a farkon 2023. Ban musa ba, ni ma na kafa wa mutane tasar a saman rufi.

Abin da na tambaye shi shi ne: wa ya ƙera? Tesla mai ƙera motocin lantarki ba shi ya kafa ta ba, Martin Eberhard da Marc Tarpenning ne a 2003, shi ya shigo da kuɗinsa a 2004. Injin rokar SpaceX kuwa, Tom Mueller ne ya jagoranci ƙera shi. Wannan ma bai dame ni ba, tara gwanaye shi ma baiwa ce. Inda raina ke ɓaci shi ne idan ya shiga fagen da ba nasa ba. A 2018 yara 12 da kocinsu suka maƙale a kogo a ƙasar Tailan. Ya kai wani ɗan jirgin ƙarƙashin ruwa, shugaban aikin ceto ya ce bai dace da wurin ba. Masu nutso ne suka fito da yaran duka. Da wani Bature ɗan Ingila masanin kogon ya soki jirgin, sai ya zage shi a bainar jama'a. A watan Maris na 2020 kuma ya rubuta cewa kafin ƙarshen Afrilu kusan ba za a ƙara samun masu kamuwa da korona a Amurka ba. Kowa ya ga abin da ya biyo baya.

Na san wannan halin da idona. Bara wani Alhaji ya kira ni gidansa, ya sayi inbata mai kilowat 5 da batir huɗu. Na ce masa kebul ɗin da zai tashi daga batir zuwa inbata dole ya yi kauri, don idan aka ɗora cikakken lodi wutar da za ta bi ta ciki ta haura amfiya 100. Ya ce ya kalli bidiyo, siririn da ke sito ya isa, mu masu sola son cin kuɗi ne. A gaban yaransa ya faɗa. Na ce ranka ya daɗe, ba zan sa hannuna ba, na tattara kayan aikina. Ya samo wani ya haɗa masa. Sati uku bayan nan aka kira ni da asuba. Robar kebul ɗin ta narke ta manne da bango, tabon hayaƙi ya hau har silin, ga ɗakin yara a jikin wurin. Allah ne ya tsare.

Shi Alhajin gwani ne a harkar hatsi, ba mai ja da shi a kasuwa. Amma da ya yi kuɗi sai aka daina ce masa a'a, har ya ɗauka komai ya sani. To ina tambaya: shi Musk ba haka yake ba? Ko ni ne nake auna shi da mudun Alhaji?

Injiniya, Talata Mafara

Wa alaikumus salam. Malam Mai Sola, labarin kebul ɗinka gaskiya ne, amma ka ɗan rage wa mutumin mudu. Ba jahili ba ne da ya tsinci kuɗi. Ya yi digiri a kimiyyar fiziks da tattalin arziki a Jami'ar Fensilbeniya, kuma a kamfaninsa na farko, Zip2, da hannunsa yake rubuta manhaja. Rokar SpaceX ta farko sau uku tana faɗuwa, sai a karo na huɗu, a Satumba 2008, ta kai. A lokacin manyan masana harkar da yawa suna ganin dawo da roka ƙasa a sake amfani da ita ba zai biya ba. A Disamba 2015 wata rokar SpaceX ta sauko ta tsaya da ƙafafunta. Da ya bi maganarsu da ba a ga wannan ba.

Ko Twitter da ya saya dala biliyan 44 a 2022, da ya sallami kusan rabin ma'aikata wasu sun ce kwana kaɗan za ta mutu. Ta yi tangal-tangal, amma ba ta mutu ba. Masana ma suna kuskure.

Inda nake tare da kai shi ne alƙawuransa. A 2019 ya ce zuwa 2020 za a ga motocin haya miliyan ɗaya masu tuƙa kansu a kan titi. Shekarar ta zo ta wuce. Ni idan ya yi magana kan roka ina sauraro. Idan ya koma kan cuta, sai in nemi likita.

Malamar Asibiti, Anka

Yayana Injiniya, akwai bambanci tsakanin roka da rai. Roka idan ta faɗi sau uku, kuɗinsa ne ya ƙone, ya sake ƙera wata. Mu a nan mun ga abin da ba a sake ƙerawa.

A 2010 yara suka riƙa suma suna jijjiga suna mutuwa a Dareta da Bagega da Yargalma. Wasu suka ce iskoki ne, wasu suka ce zazzaɓi ne mai tsanani. Sai da likitocin ƙungiyar agaji ta duniya MSF suka zo aka gwada jini, aka gano gubar dalma ce daga duwatsun zinare da ake dakawa ana niƙawa a tsakar gida, ƙurar tana sauka a kwanon abinci da hannun mai rarrafe. Yara sama da 400 suka tafi. Maganin da masana suka kawo ba mai daɗin ji ba ne: a kwashe ƙasar tsakar gida a zuba sabuwa, a fitar da niƙa daga cikin gari. Akwai masu samun kuɗi da zinaren da ba su so jin haka ba. Har yau idan na ga yaron da ya girma bai cika fahimtar magana ba, nakan tambayi uwarsa daga wane ƙauye suke.

Ba na cewa a rufe ido a bi duk mai farar riga. Abin da ya faru a Kano a 1996, da aka gwada maganin Trovan a kan yara masu sanƙarau, yana cikin dalilan da mutanenmu ke ɗari-ɗari, kuma suna da hujja. Amma mai gwajin jini zai nuna maka sakamako, wani ɗakin gwajin ya sake aunawa. Attajirin da ya rubuta layi ɗaya kan cuta mutum miliyoyi suka karanta, idan ya yi kuskure wa zai tuhume shi?

Dattijo, Ƙaura Namoda

'Ya'yana ku tuna da ɗan jirgin ƙarƙashin ruwan nan Titan da ya tarwatse a cikin teku a Yunin 2023. Mai kamfanin, Stockton Rush, an gargaɗe shi tun 2018. Ma'aikacinsa ya yi magana kan ingancin jirgin, aka sallame shi. Mutum biyar suka mutu, har da shi kansa. Ni abin da nake dubawa ga shugaba shi ne mi yake yi wa yaronsa da ya ce masa "wanga ba daidai ba ne".

Mai Sola, Gusau

Na gode Baba, na gode Malama, Allah ya jiƙan yaran nan. Injiniya, na karɓi gyaranka, ban san labarin faɗuwar rokar sau uku ba, kuma zan gaya wa ƙanena cewa a nan ya fi ni gaskiya. Amma maganar korona da ta kogo ban janye ba.

Ga masu tambayata ta saƙo: eh, na koma gidan Alhajin. Na sa kebul mai kauri, na ƙara fiyus tsakanin batir da inbata, na matsar da batiran daga jikin ɗakin yara. Ya biya ni cif bai rage ko sisi ba, bai kuma ce komai kan abin da ya wuce ba. Ranar Asabar zan tafi da ƙanena can duba ruwan batir, ina so ya ga tabon da ke silin kafin a shafe shi da fenti.