Nauyin gini a ƙarƙashin fandisho: abin da injiniyoyi suka tsaya a kai

Farkon abin da injiniyoyi suka jaddada a wata tattaunawa kan fandisho shi ne, nauyin gini ba ya tsayawa a inda kankare ya taɓa ƙasa. Yana nutsewa yana bazuwa, don haka duba ƙasar da ke cikin ramin fandisho kaɗai bai isa ba.

Lissafin da aka fi ba da shawara don kimantawa ta farko shi ne na "biyu da ɗaya": duk mita 2 da aka sauka, nauyin yana faɗaɗa mita 1 ta kowane gefe. A ce ginshiƙi yana ɗauke da kN 300 (kilonewton, ma'aunin nauyi) a kan gindin kankare mai mita 1.5 tsawo da faɗi. Matsin a ƙarƙashinsa kPa 133 ne (kPa shi ne kN a kan kowace murabba'in mita). Mita 1.5 ƙasa ya koma kPa 33, a mita 3 kuma bai kai kPa 15 ba. Shi ya sa ake so zurfin ramin gwajin ƙasa ya kai aƙalla ninki biyu na faɗin gindin. Fandisho mai tsawo na bango yana buƙatar fiye da haka. Idan ana son daidaito, a koma lissafin Boussinesq, masanin lissafi ɗan Faransa, na 1885.

Inda aka fi samun matsala: ginshiƙai biyu kusa da juna, matsinsu yana haɗuwa a can ƙasa. Sai tsohon kududdufin da aka cike da shara, wanda samansa ke kama da tudu. Baƙar laka irin ta Gombe da Adamawa kuwa tana kumbura da damina, ta tsattsage da rani, bango ya dare ko da lissafin matsi ya yi daidai.