Ta yaya talauci yake haifar da ƙiba a Amurka?

Mai Neman Sani:

Assalamu alaikum. Ina da tambaya ga masana lafiya da tattalin arziki, musamman waɗanda suka san Amurka ciki da waje. Alƙaluman hukumar yaƙi da cututtuka ta ƙasar, wato CDC, sun nuna cewa tsakanin 2017 da 2018 kimanin kashi 42 cikin 100 na baligan Amurkawa suna da ƙibar da ta wuce kima, alhali a farkon shekarun 1960 adadin yana wajen kashi 13 ne kawai. Duk wanda aka tambaya sai ya ɗora laifin a kan abincin gaggawa, wato baga (biredi mai nama a tsakiya) da soyayyen dankali da soyayyar kaza da lemo, irin wanda McDonald's da KFC da Burger King suke sayarwa. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne, matsalar ta fi ƙamari a jihohin da ke fama da talauci irin su Misisipi da West Virginia, ni kuwa a sanina mai hali ne yake samun abin da zai ci har ya yi teɓa. Shin waɗannan gidajen abinci ne ummul-haba'isin lamarin, ko akwai wani abu a ƙarƙashi?

Baban Sadiq:

Wa alaikumus salam, Malam. A Amurka abin da ke cika ciki ya yi araha matuƙa, abin da ke gina jiki kuwa bai bi shi a arahar ba, kuma hakan yana da tarihi. A farkon shekarun 1970, zamanin Shugaba Nixon, farashin abinci ya yi tashin gwauron zabo, sai sakataren aikin gona na lokacin, Earl Butz, ya riƙa kira ga manoma su faɗaɗa gonakinsu, kada su bar ko taku ɗaya ba shuka. Masara da waken soya suka cika ƙasa, kuma har yau suna kan gaba cikin amfanin gonar da ke samun tallafin gwamnatin tarayya. Masarar nan kaɗan ce ake ci kai tsaye. Mafi yawanta dabbobi ake ciyarwa da ita ko a sarrafa ta a gauraya da man mota, wani kaso kuma a fitar da ruwan zaƙi mai kauri daga cikinta, wanda ya fi sukarin rake araha a ƙasar saboda takunkumin da aka sa wa shigo da sukari daga waje. A 1984 Coca-Cola da Pepsi suka koma amfani da wannan ruwan zaƙi a lemon da suke sayarwa a Amurka. Waken soya kuma shi ne tushen mafi yawan man da ake suya da shi. Idan ka dubi tiren mai cin baga, za ka ga naman, da man da aka soya dankalin, da zaƙin lemon, kusan duk daga gona ɗaya suka fito. Masana da dama suna ganin tallafin kansa bai rage farashi sosai ba, injuna da taki da ingantaccen iri ne suka yi babban aikin, amma ko ma wanne ne, ga mai saye sakamakon ɗaya ne.

Da kayan haɗi suka yi araha, sai lissafin mai gidan abinci ya sauya. Kuɗin haya da albashin ma'aikata da wutar lantarki suna nan yadda suke ko kofin ƙarami ne ko babba, saboda haka idan ya ninka girman kofin ya ƙara 'yan sulalla a kan farashi, shi ya ci riba, mai saye kuma yana ganin ya yi ciniki. Tsohuwar kwalbar Coca-Cola ba ta kai mililita 200 ba, robar da aka fi sayarwa a yau kuwa ta kusa mililita 600, kuma a gidajen abinci da yawa mutum zai sake cika kofinsa kyauta sau nawa ya ga dama.

Sai batun mota. Ɗan kasuwa Ray Kroc ya buɗe reshensa na farko na McDonald's a Des Plaines ta jihar Illinois a 1955, shekara guda bayan nan Shugaba Eisenhower ya sa hannu a dokar gina manyan hanyoyin da suka haɗa jihohi. Jama'a suka yi ta ƙaura zuwa unguwannin bayan gari inda gida yake nan, wurin aiki yake can, kanti kuma a wani gefen, babu inda ake zuwa da ƙafa. Gidajen abincin gaggawa suka bi hanyoyin suka kafa kansu a kowace mahaɗa. Kafin annobar korona, kusan kashi 3 cikin 4 na ma'aikatan ƙasar su kaɗai suke tuƙa motarsu zuwa aiki. Abinci ya ƙaru, motsin jiki ya ragu, duka a cikin ƙarni ɗaya.

Maman Hanan:

Baban Sadiq ya yi bayanin kuɗi, ni kuma zan yi na lokaci, domin a ganina shi ne talakan Amurka ya fi rasa. Ina aikin jinya a can, kuma ina ganin yadda rayuwar mata masu kula da tsofaffi da masu share-share take tafiya. Mace za ta tashi daga aiki ƙarfe 11 na dare, ta biya ta ɗauko 'ya'yanta daga wurin mai reno, gobe da asuba kuma wani aikin yana jiran ta. A wannan sa'a abin da zai haska mata a bakin titi shi ne allon gidan baga. Ba sai ta fito daga mota ba: za ta tsaya gaban wani akwati ta faɗi abin da take so, ta matsa taga ta farko ta biya, a taga ta biyu a miƙo mata jakar takarda mai ɗumi, kafin ta isa gida yara sun ci a kujerar baya har sun fara gyangyaɗi. Babu tukunyar wankewa, babu yaron da zai ce ba ya so. Wanda zai ce mata ta dafa wake da ganye ya manta cewa girki yana bukatar zuwa babban kanti, da firjin ajiya, da murhu mai aiki, da awa guda wadda ba ta da ita.

Mafi ƙarancin albashi na tarayya dala 7.25 ne a awa, kuma tun 2009 bai motsa ba. Jihohi da yawa sun ɗaga nasu, amma Misisipi da Alabama da Louisiana ba su ma da dokar kansu a kan haka, na tarayyar ake bi. Babu kuma dokar tarayya da ta wajabta wa kamfani biyan ma'aikaci hutun shekara ko hutun haihuwa. Aikin dare da ƙarancin barci suna ƙara wa mutum kwaɗayin zaƙi da maiƙo, wannan sananne ne a wurin likitoci. Akwai ma wani abin mamaki game da katin tallafin abinci na SNAP, wanda mutane kimanin miliyan 40 suke dogaro da shi: tsawon shekaru ana iya sayen lemo da alewa da shi, amma gasasshiyar kazar da ke kanti ba ta sayuwa da shi muddin tana da zafi, saboda doka ta cire dafaffen abinci mai zafi.

Dattijo Mai Gaskiya:

Ina neman afuwar 'yan'uwa, amma ina ganin an cika wanke mutane daga laifinsu. Babu wanda aka ɗaure aka ɗura wa lemo. Busasshen wake da shinkafa da kabeji da ƙwai suna cikin abinci mafi araha a kantunan Amurka, ruwan famfo kuma ya fi kowane lemo araha. Amurkawa 'yan asalin Asiya a ƙasar suke zaune, hanyoyin nan suke bi, tallace-tallacen nan suke gani, amma ƙiba a cikinsu ba ta kai kashi 20 ba. Ko da iyayen wasu 'yan mata suka kai McDonald's ƙara a New York a 2002 suna cewa abincinsa ya sa 'ya'yansu ƙiba, alƙali ya yi watsi da ƙarar a karon farko, daga baya kuma jihohi da dama suka yi dokar hana irin wannan ƙara. Kowa ya ɗebo da zafi, bakinsa.

Likitan Yara:

Ranka ya daɗe, akwai gaskiya a maganarka, har ma zan ƙara maka hujja kafin in saɓa maka. Binciken CDC na shekarun 2013 zuwa 2016 ya nuna cewa a kowace rana kimanin kashi 37 cikin 100 na baligan Amurkawa suna cin abincin gaggawa, kuma masu babban albashi sun fi cin sa: kashi 42 a cikinsu, a kan kusan kashi 32 a cikin masu ƙaramin ƙarfi. Ke nan abincin gaggawa ba abincin talaka ba ne shi kaɗai, kuma ba zai isa ya bayyana bambancin da Malam ya tambaya ba. A 2008 majalisar birnin Los Angeles ta hana buɗe sabbin gidajen abincin gaggawa a kudancin birnin, inda talakawa suka fi yawa, amma da cibiyar bincike ta RAND ta duba lamarin a 2015, sai ta tarar ƙiba ƙaruwa ma ta yi a yankin. Dalili kuwa shi ne mafi yawan abin da Ba'amurke yake ci daga kanti yake sayo shi, kuma fiye da rabin kalorin da ake ci a ƙasar, wato ma'aunin kuzarin da abinci ke ba jiki, daga abincin masana'anta yake fitowa, irin su biskit da lemo da naman leda da fizar da ke cikin firji da hatsin karin kumallo mai sukari. Gidan baga reshe ne kawai na wannan babbar bishiya.

Inda na saɓa maka shi ne batun kame kai. A wani bincike da aka wallafa a 2019, Kevin Hall da abokan aikinsa a cibiyar binciken lafiya ta ƙasa, NIH, sun ajiye mutum 20 a asibiti tsawon wata guda, mako biyu suna cin abincin masana'anta, mako biyu suna cin wanda aka dafa daga ɗanyen kaya, an kuma daidaita yawan sukari da maiƙo da gishirin da aka gabatar musu, aka ce kowa ya ci iya son ransa. A makonnin abincin masana'anta, kowannensu ya riƙa cin ƙarin kalori kusan 500 a rana ba da niyya ba, nauyinsu ya ƙaru da kusan kilo ɗaya, a sauran makonnin kuma suka rage kusan haka. Mutanen ba su sauya ba, abin da aka ajiye a gabansu ne ya sauya. Haka nan ƙiba ta fara hawa a Amurka daga ƙarshen shekarun 1970 a tsakanin maza da mata, yara da tsofaffi, farare da baƙaƙe, kusan lokaci guda, kuma da wuya a ce al'umma gaba ɗaya ta rasa kame kai a shekaru goma.

Game da 'yan asalin Asiya, ma'aunin da ake amfani da shi, wanda yake kwatanta nauyi da tsawo kuma yake kiran wanda ya kai 30 mai ƙiba, yana ɓoye haɗarinsu, domin ciwon sukari yana kama su tun nauyinsu bai kai haka ba. A ɓangare guda kuma kusan rabin baligan baƙaƙen fata suna da ƙiba, 'yan asalin Latin Amurka kuma wajen kashi 45. Wani abin da ya kamata Malam ya lura da shi: alaƙar talauci da ƙiba a fili take a tsakanin mata, a tsakanin maza kuwa ba ta fito sosai ba, wanda ya yi daidai da abin da Maman Hanan ta kwatanta.

Mai Neman Sani:

Allah ya saka da alheri. To idan haka ne, me hukumomi suka gwada, kuma me ya hana shi aiki?

Baban Sadiq:

An gwada abubuwa da yawa, Malam, sai dai kowanne ya ci karo da masu kuɗi a harkar. A 2012 magajin garin New York, Michael Bloomberg, ya nemi taƙaita girman kofin lemo a gidajen abinci zuwa abin da bai kai rabin lita ba, kamfanoni suka garzaya kotu, aka soke dokar tun kafin ta fara aiki. Birnin Berkeley na Kalifoniya ya amince da harajin lemo a 2014, Philadelphia ta fara nata a 2017, kuma cinikin lemo ya ragu a cikin biranen, ko da yake wasu masu mota sun koma saye a maƙwabtan garuruwa. A 2018 majalisar jihar Kalifoniya, bisa matsin lambar masana'antar lemo, ta haramta wa birane kafa sabon haraji irin wannan har zuwa 2031. A 2018 ɗin ne kuma dokar da ta tilasta wa gidajen abinci masu rassa 20 ko fiye rubuta yawan kalori a jikin allon farashi ta fara aiki, amma tasirinta a kan abin da mutane suke zaɓa bai taka kara ya karya ba. Wanda na fi ganin amfaninsa shi ne gyaran abincin makarantu na 2010 da Michelle Obama ta tsaya wa, domin yaron talaka kan ci karin kumallo da abincin rana a makaranta. CDC ta ƙiyasta cewa ƙiba tana laƙume kusan dala biliyan 173 a shekara a kuɗin magani, kuma yanzu hankali ya karkata ga allurai masu rage ƙiba irin su Wegovy, wadda aka amince da ita a 2021.

Maman Hanan:

Allurar tana aiki, na ga waɗanda suka rage nauyi sosai da ita, amma tsugune ba ta ƙare ba. Lokacin da ta fito, farashinta a hukumance ya haura dala 1,300 a wata, kuma inshorar lafiya ta talakawa, wato Medicaid, a mafi yawan jihohi ba ta biyan kuɗinta idan don rage ƙiba kawai aka rubuta ta. Sau ɗaya ake yin ta a mako, kuma idan mutum ya daina, yunwar tana dawowa, mafi yawan nauyin ma yana dawowa cikin shekara guda. Wadda ta sauya wurin aiki ta rasa inshorarta, a watan nan allurar za ta yanke mata, ga shi kuma jadawalin aikinta na dare yana nan yadda yake.