Laftof tana zafi, fanka na ƙara idan ana buga gem

Ɗan Gem: Assalamu alaikum. Laftof ta kai digiri 95 ana buga gem, fanka na ihu, hoto na sarƙewa. Mene ne mafita?

Injiniya: Wa alaikumus salam. Sarƙewar daga zafin take: CPU, wato ƙwaƙwalwar kwamfutar, na rage gudu da kanta kusa da digiri 100 don kada ta lalace. Fara da ƙura, musamman bayan hunturu. Kashe laftof ɗin, buɗe murfin ƙasa, zare igiyar batir, sannan ka hura iska cikin haƙoran ƙarfen sanyaya. Riƙe fankar da yatsa, in ta juya da ƙarfi tana iya lalacewa. Idan laftof ɗin ta shekara 2 ko 3, goge tsohon man ɗauke zafi da ke kan CPU da GPU (sashen sarrafa hoto) ta hanyar amfani da sinadarin gogewa na isofurofil, ka sa sabo kamar ƙwayar shinkafa.

Mai Gyara: Kafin ka kwance komai, malam, ƙayyade FPS, wato yawan hotunan da gem ke nunawa a daƙiƙa, a 60. A saitin wuta na Windows, mayar da iyakar ƙarfin CPU kashi 99, Turbo, wato ƙarin gudun da CPU ke yi, zai mutu, zafi ya sauka sosai.

Injiniya: Haka ne. Kuma kada a ɗora laftof ɗin kan katifa, mashigar iskar a ƙasa take. A ɗaga bayanta santimita 2 zuwa 3 a kan tebur.