Waɗanda suka taɓa kulle saƙo da mabuɗi biyu, ku zo mu ji yadda kuka kaya

Abu Hafsa:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Makon jiya ƙanena da ke karatu a Jamus ya ce in tura masa hoton takardun gidan mahaifinmu ta imel, amma sai an kulle su da PGP, wani tsarin kulle saƙo da mabuɗi biyu, na rabawa da na sirri. Ya turo mini wani dogon rubutu, haruffa da lambobi a cakuɗe, wai mabuɗinsa ne na rabawa. Na sa shi a manhajar imel ta Thunderbird, ta ƙi kulle saƙon sai da na ƙirƙiri nawa mabuɗin. Na tura, ya buɗe lafiya. Amma hankalina bai kwanta ba. Mabuɗin da kowa zai iya gani, ina sirri a nan?

Injiniya:
Wa alaikumus salam. Ka ɗauka ƙanenka ya aiko maka da buɗaɗɗen kwaɗo ne, ɗan makullin kuma, wato mabuɗinsa na sirri, yana aljihunsa. Kowa zai iya datse kwaɗon a jikin akwati, amma babu mai buɗewa sai shi. Diffie da Hellman suka fitar da dabarar a 1976, RSA, wata hanyar lissafi ta aiwatar da ita, ta biyo baya a 1977, sai Phil Zimmermann ya saki PGP a 1991 don kowa ya samu. Gwamnatin Amurka ta yi shekaru tana binciken Zimmermann a kan PGP kafin ta janye a 1996. Shekara takwas ina amfani da GnuPG, wata manhaja mai aiki da tsarin PGP, ban taɓa samun matsala daga kwaɗon ba. Duk wahalar da na sha ta adana ɗan makullin ce.

Ɗan Damagaram:
Injiniya ka taɓo inda yake mini ƙaiƙayi. Mabuɗina na sirri a kwamfuta ɗaya tal yake, ban kwafe shi ko'ina ba. Wata rana da asuba na kunna ta, sai wata ƙara ƙas-ƙas daga ciki, faifan ajiya ya mutu. Mai gyara ya kwana biyu a kanta, ya ce in yi haƙuri. Wasiƙun shekara uku tsakanina da abokin cinikina suna nan a akwatin imel har yau, ina ganinsu da idona, amma ko kalma ɗaya ba na iya karantawa. Babu ofishin da zan kai kuka, don babu wanda ke riƙe da wani kwafi. Abin da ya fi ci mini rai, takardar soke mabuɗin ma a cikin faifan take, don haka mutane suka ci gaba da kulle mini saƙo da mataccen mabuɗi, ina binsu ɗaya bayan ɗaya ina cewa su daina.

Maman Yusra:
Allah Ya mayar da alheri. Ni ban san PGP ba, amma 'yata ta ce WhatsApp ma haka yake aiki tun 2016, wayar ce ke riƙe mabuɗan. Ita ta kunna mini sanarwar tsaro. Wani dare sai na ga an rubuta cewa lambar tsarona da yayana ta canja, jim kaɗan ga saƙo daga lambarsa, wai in tura kuɗi yana asibiti. Gabana ya faɗi. Na kira shi ta layi, ashe wani ne ya yaudare shi ya karanto masa lambobi shida da aka turo masa, ya ƙwace asusun. Saƙon a kulle ya zo mini, amma ɓarawo ne ya kulle shi.

Injiniya:
Hajiya, abin da kika yi shi ne daidai. A WhatsApp da Signal akwai lamba mai alƙaluma 60 da mutum biyu za su gwada su ga ko ta yi daidai. A PGP kuma kowane mabuɗi yana da tambarinsa, galibi haruffa da lambobi 40. Abu Hafsa, ka gwada na ƙanenka da shi baki da baki?

Baƙon Kumasi:
Ku kula da kan saƙo. Na taɓa kulle wasiƙa tsaf, amma na rubuta sunan wani fili da kuɗinsa a layin take, daga baya na gane ainihin tsarin PGP ba ya rufe wannan layin, haka adireshin mai aikawa da na mai karɓa da lokaci. Tun daga ranar "gaisuwa" kawai nake sawa.

Abu Hafsa:
Ban gwada ba wallahi, Injiniya. Yanzu na kira shi, ya karanto mini hurhuɗu ina bi da yatsa, duka 40 sun yi daidai. Ɗan Damagaram, na kwafe nawa mabuɗin a filas, na sa a jakar da takardun gidan suke. Kalmar sirrin da ke kare mabuɗin fa, in rubuta ta a takarda in ajiye a wani ɗakin, ko in bar ta a ka?